Ranar da injin surfani ya ci shaddar dattijo

Shekarun baya, ban daɗe da gama difloma a fannin kwamfuta ba, na yi aiki a shagon ɗinkin kawuna a nan Kazaure. Da yawa cikinku kuna tambayata inda na koyi aikin wuyan riga da nake sa hotunansa. To, a can na koya. A can kuma aka yi mini abin da har yau in ya faɗo mini a rai sai na ajiye abin da ke hannuna na ja tsaki.

Kawun nan yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Aikin ofis ya yi duk rayuwarsa, da ya yi ritaya sai ya buɗe shagon ɗinki, alhali ko zare bai iya zurawa a allura ba. Ya ɗauki teloli huɗu, ya tafi Kano ya sayo tsohon injin surfani, irin wanda ake zana aikin a kwamfuta, a tura masa ta kebul, shi kuma ya yi ta caccakar yadi har aikin ya fito. Injin ya kwana biyu a duniya. Ba shi da wurin sa filasha, ɗan allonsa kuma ba ya nuna hoto, lambobi kawai yake nunawa: yawan ɗinkin da aka turo masa, da tsawon aikin da faɗinsa. Kebul ɗaya ne tak tsakaninsa da kwamfuta, gajere, mai kauri, bai fi kamu huɗu ba. In babu shi, injin nan ƙarfe ne kawai a ajiye.

Mahaifiyata ce ta je ta roƙe shi ya ɗauke ni. Ya yi ta ja, wai mace a shagon maza, sai da ya rasa wanda ya iya kwamfutar sannan ya ce na zo. Aka ba ni lungu a ƙuryar shagon, aka sa labule, daga ni sai injin sai kwamfutar. Wata bakwai na yi ban ɓata wuyan riga ko ɗaya ba. Aiki ya riƙa zuwa daga Roni da Gwiwa, har daga Kanya Babba. In an yaba sai Kawu ya ce, "Injin ne mai kyau, da kaina na zaɓa." Ban damu ba. A lokacin in dai na ga zare yana kwanciya inda na zana masa, ya ishe ni.

Sai yayata ta haihu a Roni, na tafi na yi mata kwana takwas. Da na dawo na tarar an kwashe kwamfutar daga lunguna an kai ta bakin ƙofa, an ɗora a kan tebur mai shimfiɗa, fuskarta na kallon titi. Kawu ya kafa kujerarsa a gefe, duk mai wucewa ya ga Alhaji da kwamfuta. Injin kuwa yana can ƙurya inda yake, don ba ya ɗaukuwa.

Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Kawu, kebul ɗin ai gajere ne. Yaya aka yi ya kawo nan?"

Ya ce, "Sabo na sa aka kawo daga Kano, dogo. Ya ma fi wancan. Ke dai je ki kama aikinki."

Na duba kan da ke jikin kwamfuta, na duba na jikin inji, duk lafiya lau kamar na da. Tsakiyar kuwa ta shige bayan wani falanki da aka buga a jikin bango tun daga ƙofa har ƙurya, wai don kada a yi tuntuɓe. Ban ƙara tambaya ba. Babba ya ce sabo ne, shi ke nan sabo ne.

Kwana biyu da dawowata injin ya tsiri wani hali. Ana cikin aiki lami lafiya, sai allura ta yi tsalle ta tafi inda ban zana ba, ta ja dogon zare, ta dawo ta ci gaba a karkace. Kuma ba kullum ba. Yau ya yi, gobe ya ƙi, jibi ya yi sau biyu. Na canza allura, na canza zare, na ɗiga mai, na share ƙura. Riguna biyu na zauna na warware da reza ba wanda ya sani. Da na gaya wa Kawu cewa ya yi, "Hankalinki ne bai dawo daga gidan suna ba."

A cikin wannan makon wani dattijo ya zo shagon. Bafulatani ne daga wata ruga da ke bayan Babura, dogo, siriri, gemunsa fari fat. Ya zo da ƙunshi a cikin tsohon zani, ya kwance shi a hankali a kan tebur. Shadda ce ruwan toka, mai nauyi, irin wadda in ka ɗora hannu kake jin sanyinta. Ya ce ɗansa ne ya sayo masa a Damagaram, wata tafiya da ya kai shanu, ya ce masa, "Baffa, wannan taka ce, in na dawo sai mu kai ɗinki." A tafiya ta gaba mota ta kife da su. Shekara biyu shaddar tana cikin adaka, ya kasa ko kallonta. Yanzu ɗan marigayin zai yi saukar karatu, shi ne yake so ya sa ta ranar walima.

Ya dube ni ya ce, "Aiki kaɗan nake so, 'yata. Ba na sarauta ba. Wanda dai in an gani za a san an girmama yadin."

Babban telan shagon, wani mutum mai shekaru da muke ce wa Malam, shi ya yanka ya miƙo mini gaban rigar. Na zauna na yi zane mai sauƙi da zare ruwan azurfa. Da yake na daina yarda da injin, sai na yi sammako kafin teloli su zo, na tura zanen, na gwada a kan wani ƙyalle. Ya fito tsaf, kamar a sa a gilashi. Ina shirin ɗaura shaddar sai Kawu ya shigo da rigar wani abokinsa, wai ta gaggawa ce. Injin zane ɗaya yake riƙewa a lokaci guda, dole na goge na dattijo na yi na abokin Kawu.

Bayan azahar na sake tura zanen dattijo. Shago ya cika, kekunan ɗinki huɗu masu wuta duk suna gudu, ana guga. Ban duba lambobin da ke allon injin ba, tunda da safe na gwada na ga lafiya. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa musunsa ba. Na ɗaura shaddar, na yi bismilla, na danna. Ina tsaye a kansa ina kallon kowace caka, sai na ji Kawu daga bakin ƙofa.

"Ke, zo ki nuna wa Alhaji yadda muke zane."

Wani tsohon abokin aikinsa ne ya biyo. Na ce, "Kawu, aiki na kan inji."

Ya ce, "Injin zai gudu ne? Zo mana."

Na je. Ina nuna wa baƙon zane a allo, yana ta gyaɗa kai, sai na ji ƙarar injin ta canza. Maimakon tat-tat-tat ɗin da na saba ji, sai duf-duf-duf a wuri ɗaya. Kafin na ratsa tsakanin kekuna na kai ƙurya na kashe, aikin gama ya gama. Allura ta bar wuya ta keto ƙirji, ta ja layi mai kauri ya fi tsawon tafin hannu, sannan ta tsaya wuri guda ta yi ta suka har ta huda shaddar. Rami ne da ɗan yatsana ke shiga.

Na tsaya ina kallo, ko kuka na kasa.

Bayan kwana uku dattijon ya zo karɓar rigarsa. Abin da Kawu ya yi ranar shi ne ainihin abin da ya sa nake wannan rubutu. Bai ja shi gefe ba. A tsakiyar shago ya baza shaddar, a gaban teloli da masu kawo ɗinki, ya ɗaga murya har masu shagon kusa suka leƙo. Ya ce yarinyar nan ce, ta bar aiki a kan inji ta kama yawo a shago. Ya ce da ma taimako ya yi wa uwarta, ga sakayyar da ya samu. Ya ce shi ya sa tun farko ya ce wannan ba aikin mata ba ne. Sannan ya nuna ƙasa da yatsa.

"Durƙusa ki ba shi haƙuri."

Na durƙusa. Bakina cike da magana, amma wa zai ce wa yayan uwarsa a gaban mutane, ai ku kuka kira ni? Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, ku yafe mini."

Dattijon bai dubi kowa ba. Ya sa ɗan yatsa ya shafa bakin ramin, ya daɗe yana shafawa. Can ya ce, "Tashi, 'yata. Mai shi ma ya tafi, balle yadi." Ya bar shaddar a nan, ya ɗauki sandarsa ya fita. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da na koma gida na zayyana wa mahaifiyata komai, ina jiran ta ɗauki mayafi. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Kawunki ne. In ya zage ki, ni ya zaga, kuma ni na haƙura." Ranar ita ma na ji haushinta, Allah Ya yafe mini.

Kawu ya kira mutumin da ya sayar masa da injin, ya turo injiniyansa daga Kano. Ranar Juma'a da safe ya iso, lokacin da teloli ba sa zuwa sai an sauko daga masallaci. Shago tsit. Ya tura zane sau uku, duk uku suka fito daidai. Ya juyo yana murmushi.

"Hajiya, injin nan lafiyarsa ƙalau. Ko dai cutar bairos ce a kwamfutar, ko kuma mai turawar ce."

Na ce masa na lura ya fi yi da rana. Ya yi dariya ya ce inji bai san azahar ba. Na ce to ko zai duba kebul ɗin? Kafin ya buɗe baki Kawu ya ce, "Wannan sabo ne, kada ka ɓata lokacinka." Sai mutumin nan ya zauna ya goge kwamfutar tas, ya sake zuba mata komai, bai ko tambaye ni ko akwai abin da nake so a ajiye ba. Zanen wata bakwai ya tafi, sai 'yan kaɗan da ke cikin filashata. Ya ci shinkafarsa da naman kaza, ya hau mota ya koma. Da yamma Kawu ya sanar da ni cewa ƙarshen wata zai kawo namiji daga Kano, kafin nan kada na sake taɓa yadin kowa.

Wannan hanin shi ya ba ni lokaci. Ba kuma son gyara injin Kawu ne ya zaunar da ni ba, kada na yi muku ƙarya. Fushi ne zalla. So nake na san wanda ya sa na durƙusa.

Na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare. Na zana akwati mai kusurwa huɗu a kwamfuta, ɗinki ɗari huɗu cif, ba ado ba komai. Ba sai an ɗinka ba, turawa kawai nake, na taka zuwa ƙurya na karanta lambar da injin ya ce ya karɓa, na rubuta ta da lokacin, na goge, na dawo bakin ƙofa na sake turawa. Haka na wuni ina safa da marwa a shago. Wani lokaci ɗari huɗu. Wani lokaci ɗari uku da casa'in da bakwai. Wani lokaci yawan ya yi daidai amma faɗin akwatin ya ninka. Nan na tabbatar da abu ɗaya: ba allura ba ce, ba zare ba ne, ba hannuna ba ne. Abin da kwamfuta ke faɗa daban, abin da inji ke ji daban.

Na aro laftof ɗin wata ƙawata na jona a madadin tamu. Bai canza zani ba, ashe maganar bairos shaci-faɗi ce. Na shiga manhajar zanen na rage saurin turawa, kuskuren ya ragu amma bai tafi ba. Da na duba littafina na ga safiya fes take, rana ce ke da matsala, sai na ce zafi ne. Jama'a, ni da difloma a hannu, na yi kwana biyu ina tsaye da mafici ina yi wa inji fifita kamar mai jinya. Teloli suna ta ƙunshe dariya. Bai yi amfanin komai ba.

Rana ta tara ce Allah Ya kawo mafita. Aka kira la'asar, teloli suka tashi gaba ɗaya suka tafi masallaci, Kawu ma ya bi su. Rana tana nan da zafinta. Na tura sau goma, sau goma ɗari huɗu. Suka dawo, kowa ya hau kekensa, na tura na farko, ɗari uku da casa'in da biyar. Na tsaya a tsakiyar shagon da littafi a hannu, ina kallon ƙafafunsu.

Kawu bai dawo ba, ya tsaya hira a ƙofar masallaci. Na roƙi sauran su dakata, na ce da babban tela, "Malam, don Allah in na ce ku taka, ku taka keken, kada ku ɗaga." Na tura yana takawa, kuskure. Na tura ya ɗaga ƙafa, daidai. Muka yi haka sau shida, ko sau ɗaya bai saɓa ba.

Malam ya leƙa ƙofa, ya rage murya ya ce, "Da ni ne, da na leƙa bayan falankin nan."

Na ce, "Kun san wani abu ne, Malam?"

Ya ce, "Ni dai ina nan ranar da mai gyaran fanka ya zo da filaya."

Na ce, "Ranar da na durƙusa ma kuna nan."

Ya mai da kansa kan ɗinkinsa. "Ina da iyali, 'yar nan."

Na ɗauki sukudireba na ɓamɓare falankin tun daga ƙofa har ƙurya. Babu wani sabon kebul. Tsohon nan ne, aka datse shi gida biyu, aka ƙara masa tsawo da siririyar waya ja da baƙi irin ta lasifika, aka murɗa da hannu aka naɗe da baƙin salatif. Sannan aka ɗaure shi jiki da jiki da wayar da ke kai wa kekunan ɗinki wuta, tun daga farko har ƙarshe. A wuri ɗaya ma ƙusa ta ratsa ta gefensa. Kebul na gaske yana da rigar ƙarfe a ciki mai kare saƙo daga hayaniyar wuta, wannan kuwa tsirara yake. Duk sanda tela ya taka, keke ya ja wuta, sai hayaniyar ta faɗa cikin saƙon, wasu lambobi su zube, wasu su rikiɗe. Injin kuma na da ne, bai san ya ce a maimaita ban ji ba. Duk abin da ya iso gare shi, shi zai ɗinka.

Na yanke ƙarin, na kai guntaye biyun wurin mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, na tsaya a kansa ya haɗa da dalma, kala da kala. Washegari da sassafe na ja teburin kwamfutar da kaina na mai da shi ƙurya. Da teloli suka zo na ce kowa ya taka iya ƙarfinsa, a kunna dutsen guga, a kunna fanka. Sau ashirin na tura, sau ashirin ɗari huɗu.

Kawu ya iso wajen hantsi, ya ga bakin ƙofa wayam.

"Wa ya ba ki izinin taɓa teburin nan?"

Na gaishe shi tukuna. Sannan na ajiye tulin wayar da salatif ɗinta a gabansa, na ajiye littafina a gefe. Na ce, "Kawu, kun ce sabo ne daga Kano."

Ya ɗauki wayar ya jujjuya. Na zuba masa ido ina jiran kalma ɗaya. Teloli sun tsai da kekuna. Can ya ce, "To ai da ma na ce a duba wayoyin nan. Ba kwa jin magana ne. Mai gyaran fankan nan ma macuci ne."

Na ce, "A gaban mutane kuka sa na durƙusa."

Ya ce, "Durƙusa wa dattijo laifi ne? Lada kika samu."

Na ce abu ɗaya nake roƙo, ya aika wa dattijon nan ya gaya masa yadda aka yi. Ya kaɗa hannu ya ce maganar da ta wuce ba a tono ta, shi zai saya masa wata shaddar da ta fi waccan. Har lokacin bai gane ba. Ko kuma ya gane sarai, wannan ne ban sani ba.

Na ɗauke shaddar na tafi da ita gida. Ni da mahaifiyata muka yi yamma huɗu a tsakar gida muna warware layin nan zare-zare da bakin allura, don reza za ta ƙara ɓarna. Ita ta yanko ƙyalle daga ragowar shaddar ta toshe ramin ta ciki da ɗinkin hannu, siriri har ba ka gani sai ka ɗaga a rana. Na sake zane, na faɗaɗa shi ya sauko ƙirji, na sa wurin da zare ya fi cika ya hau daidai kan ramin. Ya fi abin da dattijo ya nema yawa, amma ba yadda zan yi. Ranar da na ɗinka, da Kawu zai kira ni sau ɗari ba zan motsa ba. Bai ma kira ba.

Saura kwana biyu walima na hau motar Babura, daga tasha na ɗauki ɗan acaɓa muka yi ta ratsa gonakin gero har rugar. Guntun wayar nan yana cikin jakata, na kuma shirya jawabina tun daga Kazaure. Dattijon ya karɓi rigar, ya shiga ɗaki, ya daɗe. Da ya fito sanye da ita, matarsa ta dube shi sau ɗaya ta juya ta koma ciki. Shi kuwa ya zauna a tabarma yana shafa ƙirjin rigar. Aka kawo mini fura da nono.

Na ce, "Baffa, akwai abin da nake so ku sani game da ranar nan."

Ya ɗaga hannu. "Sha furarki, 'yata. Na yi kiwo tun ba ni da gemu. In shanu suka shiga gonar mutane, makiyayin da ya fi kowa ɗaga murya, shi ne ya yi barci."

A nan ne na yi kukan da na kasa yi a shago. Wayar ko fito da ita ban yi ba.

Namijin Kano bai zo ba, ba a kuma sake maganarsa ba. Na ƙara wata biyar a shagon saboda mahaifiyata, sannan na bari. Na yi aiki a wurin wasu, daga baya Allah Ya hore mini nawa injin da nawa shagon.

Ta fuskar sana'a na ƙaru, ba zan ɓoye ba. Tun daga lokacin, in kwamfuta da inji suka saɓa, ko firinta ce ko mene ne, ba na fara zargin ɗayansu. Hanyar da ke tsakaninsu nake bi da hannuna, taƙi-taƙi, in an rufe ta da katako na ɓamɓare. Abu ɗaya nake canzawa a lokaci guda, kuma ina rubutawa. Kowa ya ce mini sabo ne, na ce to, sannan na duba.

Amma masu cewa lokaci yana wanke komai, ni dai bai wanke mini wannan ba. Ba ƙarin wayar ne ya dame ni ba, kowa yana iya yin wauta, ni ma na yi wa inji fifita. Abin da ya tsaya mini shi ne, ya san abin da ke bayan falankin nan. Ya sani ranar da na tambaye shi, ya sani ranar da injiniya ya zo, ya sani lokacin da gwiwata ke ƙasa. Kwana tara yana zaune a bakin ƙofa yana kallona ina kai da kawo da littafi, bai ce uffan ba. An raine mu a kan cewa babba ba ya laifi a gaban yaro, na yarda, ina girmama shi, ina gaishe shi a durƙushe har gobe. Sai dai ba wanda ya taɓa gaya mini inda yaro zai kai abin da aka ɗora masa.

Kawu ya tsufa yanzu, shagon ma ya rufe. Sallar da ta wuce na je gaishe shi, na tarar da baƙi cike da zaure. Ina zuba musu kunun aya sai na ji ya ɗauko labarin. Wai akwai lokacin da injinsa ya rikice, injiniya ya zo tun daga Kano ya kasa, yarinyar nan da diflomarta ta kasa, shi da bai karanta kwamfuta ba ya dubi bango sau ɗaya ya ce a cire falankin nan. Baƙi suna ta jinjina kai. Ya juyo gare ni yana dariya.

"Ko ba haka aka yi ba?"

Na cika kofin da ke hannuna, na ajiye a gabansa, na ce ana jirana a shago. Ranar Sallah ce, duk wanda ke zauren ya san shagona a rufe yake.